NAZARI: Dala 80 Kafin Ƙunshi Ya Bar Gida: Yadda Ƙa'idojin Kwastam Suka Riski Iyayen Godogodo

Kwana goma ne kacal tsakanin wasu matakai biyu da suka shafi duk mai aika kaya ƙetare ko mai karɓa daga can. A ranar 29 ga Agusta, 2025, Amurka ta soke rangwamen da ta daɗe tana yi wa duk ƙunshin da darajarsa ba ta wuce dala 800 ba, wanda a da yake shiga ƙasar ba tare da an biya masa kuɗin fito ba. A ranar 8 ga Satumba kuma, Hukumar Kwastam ta Najeriya ta fara aiki da nata rangwamen: kayan da ba su haura dala 300 ba za su shigo kyauta, har sau huɗu a shekara.

A Abuja mataki na biyun aka fi yi wa tafi, kuma ba laifi, domin ya sauƙaƙa wa mai sayen takalmi ko waya ta intanet da matafiyin da ya dawo da 'yar tsaraba. Amma na farkon ne ya fi taɓa garuruwa irin su Godogodo, a Ƙaramar Hukumar Jema'a ta Kudancin Kaduna, inda kuɗi ke shigowa daga 'ya'yan da ke waje, kaya kuma ke fita daga hannun iyaye.

Kafanchan na da kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma, Gidan Waya da ke maƙwabtaka da Godogodo na da kwalejin ilimi ta jiha, kuma yankin ya daɗe da yin suna wajen riƙo da karatun boko. Da guguwar ficewar ma'aikatan lafiya ta taso, ba ta tsallake shi ba. Magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Ƙasa ya bayyana a watan Fabrairun 2024 cewa ma'aikatan jinya fiye da 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku. Kowannensu ya bar gida a baya, gidan kuma ba ya rasa abin aikawa, musamman idan kaka ta yi, bikin Kirsimeti ya ƙarato.

Abin da ake ɗurawa a jakar gana-mas-go sananne ne: acca, busasshiyar citta, daddawa, garin kuka, busasshiyar kuɓewa, barkono, zuma, kifi banda, wani lokacin har da kilishi da tiyar wake. A wurin uwar da ta haɗa su, wannan saƙo ne, ba haja ba. A wurin jami'in da zai buɗe jakar a Landan ko Atlanta, kaya ne iri goma, kowanne da lambarsa a jadawalin kwastam na duniya, kowanne da hukumar da ke da ta-cewa a kansa. Wannan saɓanin fahimta tsoho ne. Abin da ya sauya shi ne wurin da ake yanke hukunci. A da sai kaya sun isa can ake sanin makomarsu. Yanzu tun a kan kantar da aka miƙa su ake karɓar haraji, ake tura bayanansu ta kwamfuta, ake yi musu shari'a tun ba su hau jirgi ba. Iyakar Amurka da ta Turai sun taso sun zo har cikin Najeriya, hukumomin da ya kamata su tsaya wa ɗan ƙasa a bakin wannan iyaka kuwa suna Abuja da Legas.

Yadda aka kai ga dala 80

Umarnin da Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu a ranar 30 ga Yuli ya ɗora wa masu jigilar saƙonnin gidan waya nauyin tara harajin da miƙa shi ga kwastam na Amurka. Ya ba da zaɓi na wata shida: ko a caji kaso bisa darajar kaya, ko a caji kuɗi tsayayye a kan kowane ƙunshi, dala 80 ga ƙasashen da harajinsu bai kai kashi 16 cikin 100 ba, dala 160 ga na tsakiya, dala 200 ga waɗanda suka haura kashi 25. Najeriya, da aka yanka wa kashi 15, ta faɗa rukunin farko. Gidajen waya da dama a Turai da Asiya sun dakatar da aika ƙunshi Amurka, har ƙungiyar gidajen waya ta duniya, UPU, ta ce saƙonnin da ke tafiya can sun ragu da kimanin kashi 80 cikin 100 a ranar farko. Hukumar NIPOST ba ta dakatar ba. Ta sanar cewa duk abin da za a aika Amurka, ban da wasiƙu da takardu, sai an biya masa dala 80 ko kwatankwacinta a naira a wurin karɓa.

A farashin canji na lokacin, wajen naira 120,000 ke nan, ban da kuɗin aikawa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne. Idan aka ƙaddara ƙunshin acca da citta na dala 30, da kaso aka bi da harajinsa bai kai dala biyar ba. Da aka bi kuɗi tsayayye sai ya kusa ninka darajar kayan sau uku. Tsarin kuɗi tsayayye ya fi sauƙin gudanarwa ga hukumar da ba ta da na'urar lissafa kaso a kowace kanta, wannan gaskiya ne. Sai dai mai ƙaramin ƙunshi ne ya biya kuɗin wannan sauƙin.

Ba a nan ma gizo ke saƙar ba. Dokar Amurka ta bar ƙofa ga kyauta ta haƙiƙa tsakanin mutum da mutum wadda ba ta wuce dala 100 ba, kuma umarnin na Trump bai rufe ta ba. Gidan waya na Jamus, alal misali, ya ci gaba da karɓar irin wannan kyauta ko a lokacin da ya dakatar da ƙunshin 'yan kasuwa. Sanarwar NIPOST kuwa wasiƙu da takardu kaɗai ta ware. Saƙon uwa ga 'yarta shi ne ainihin abin da wannan ƙofa ta tanada, kuma ma'aikatar sadarwa da ke sa ido kan hukumar na da hurumin neman a fayyace matsayinsa a rubuce, a liƙa a kowace kanta. Abin dariya ne, in da da wurin dariya, a ce garin da ke jikin Godogodo sunansa Gidan Waya, amma labarin abin da ake caji a gidan waya sai ya biyo ta bakin ɗan kamasho a tasha kafin ya iso.

Abin da ke wucewa da abin da ake ƙonewa

Ko an biya haraji, tsugune ba ta ƙare ba, domin haraji daban, izinin shiga daban. Nama shi ne mafi tsananin hukunci. Tarayyar Turai da Birtaniya ba sa yarda mutum ya shigo da nama ko madara ko abin da aka sarrafa daga gare su daga ƙasa irin Najeriya, a jaka ne ko a ƙunshi, ɗanye ne ko busasshe. Kilishi nama ne, komai ƙunar da ya sha. Amurka ma haka take yi wa naman ƙasashen da ke da cutar kofato da baki, har dunƙulen miyar da aka sa wa nama yakan shiga cikin abin da ake ƙwacewa. Kifi ya fi samun sassauci: matafiyi zuwa Turai ko Birtaniya na iya ɗaukar har kilo 20 na busasshe ko banda, zuma kuma kilo biyu.

Tsirrai nasu sha'anin ya fi sarƙaƙiya. Tun daga Disambar 2019 Tarayyar Turai ke neman takardar shaidar lafiyar tsirrai a kan kusan duk ɗanyen ganye da 'ya'yan itatuwa da saiwa, ban da abarba, ayaba, kwakwa, dabino da wani ɗan itacen Asiya. Ɗanyar citta mai ƙasa a jikinta ta shiga wannan sahu, busasshiya ko garinta kuwa ba a cika tsananta musu ba. Manoman Kachia, Jaba, Kagarko da Jema'a ba sa buƙatar a yi musu bayanin dalili. Cutar da ta cinye gonakin citta a daminar 2023, har gwamnatin tarayya ta ware naira biliyan 1.6 ta asusun bunƙasa noma domin farfaɗo da su, ita ce ainihin irin baƙon da kowace ƙasa ke tsoron ya shigo mata a jikin saiwa guda.

Sai wake, wanda ya zama abin kunya na ƙasa. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya bayan an yi ta samun sinadarin dichlorvos a jikinsa, wato maganin ƙwarin nan da ake kira fiya-fiya, wanda 'yan kasuwa ke zubawa a buhu don korar ƙwari. Abin da doka ta yarda da shi shi ne miligiram 0.01 a kilo guda. An samu buhunan da suka ninka haka sau ɗaruruwa. An ce na ɗan lokaci ne, amma an yi ta sabunta haramcin har ya cika shekara goma. Haka tarwaɗar Najeriya ta rasa kasuwar Amurka tun 2018, saboda ba a gamsar da hukumar duba abinci ta can da takardun tsarin binciken Najeriya ba.

Waɗannan haramce-haramce biyu domin 'yan kasuwa aka yi su, kuma dokokin sun yi wa ɗan abin da mutum zai ci a gidansa sassauci. A nan ne tsarin da mutanen yankin suka fi dogara da shi yake cin amanarsu ba tare da kowa ya yi niyya ba. Iyali a Godogodo ba sa zuwa filin jirgi. Suna ba direba jaka a tasha, ya bi ta Kwoi ko Akwanga zuwa Keffi, ya miƙa wa wani dillali a Abuja, shi kuma ya haɗa ta da jakunkunan gidaje ashirin ko talatin a kan takardar jigila guda, da sunan mai karɓa guda. Tiyar waken da ta bar gida a matsayin abincin mutum ɗaya ta isa can a cikin buhunan da babu jami'in da zai kira su abincin gida. Kilishin gida ɗaya kuma na iya jawo a tsare kayan sauran ashirin da taran, a caje su kuɗin ajiya, a ƙarshe a ƙone. Dillalin ya riga ya karɓi kuɗinsa bisa kilo, kuma da wuya a sami rasit da ya ɗora masa alhakin komai.

Takardun da ke nesa da gida

Hanyar da doka ta tanada tana nan, ba a ɓoye take ba. Kayan da ba na ciniki ba, irin su kyauta da kayan amfanin kai, fam ɗin NCX ake cike musu, wanda Babban Bankin Najeriya ya mayar kan intanet a ƙarshen 2021. NXP na masu fitar da haja ne. Takardar lafiyar tsirrai da dabbobi ta hukumar NAQS ce, abincin da aka sarrafa kuma na NAFDAC. Akwai jerin abubuwan da Najeriya da kanta ta hana fita da su, ciki har da masara, katako, ɗanyar fata, namun dajin da ke neman ƙarewa da kayan tarihi. A ɓangaren masu karɓa, tsarin tantance kaya ta kwamfuta na Turai ba ya amsar bayani irin "kayan abinci" ko "kyauta". Sai an rubuta mene ne, nawa ne nauyinsa, nawa ne kuɗinsa.

Duk waɗannan suna buƙatar asusun banki, intanet, Turanci, da zuwa inda jami'an suke, galibi filayen jiragen sama na Abuja, Legas da Kano ko tashoshin ruwa. Tun 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo, kuma ta nan kuza da amfanin gona suka riƙa gangarawa Fatakwal. Aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri da aka ƙaddamar a Maris 2021 bai iso ta ba. Tashar tsandauri ta Kaduna da ke Kakuri, wadda aka buɗe a Janairun 2018, ta masu kwantena ce, ba ta mai jaka biyu ba. Garin da a da yake ƙofar fita ya koma garin da sai ya nemi mai kai masa saƙo ƙofa.

Ga mai ƙaura dungurungum

Ma'aikacin da aka tura ofishin jakadanci, ko wanda ya sami karatu ko aiki zai tafi da iyali, nasa lissafin daban ne, kuma a nan rangwamen na da yawa ga wanda ya nema a kan lokaci. Birtaniya na yafe haraji ga kayan mai sauya mazauni idan ya zauna a wajenta aƙalla wata 12 a jere, ya mallaki kayan aƙalla wata shida, ya shigo da su cikin shekara guda da zuwansa, kuma bai sayar ko ya ba da aronsu ba a shekarar farko. Sharaɗin da ake yawan tuntuɓe a kansa shi ne neman izinin, wanda ake kira ToR, kafin kaya su tashi. Amurka na neman fam mai lamba 3299 ga kayan da ba su zo tare da mai su ba, da shaidar cewa an yi amfani da kayan gidan aƙalla shekara guda. Mai dawowa Najeriya bayan wata tara ko fiye a waje yana da rangwame a kan tsofaffin kayansa na gida, amma mota sai ta biya. Kuɗin da ya haura dala 10,000 kuma dole a bayyana shi, fita ko shiga, bisa dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022.

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa

Akwai wani nau'in kaya da ƙasar Jema'a ta fi kowace kusanci da shi. A 1943 aka tono wani kan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu a wani filin haƙar kuza a yankin. Wanda ya tsince shi ya kafa shi a gonar doya don korar tsuntsaye, kafin ya kai ga hannun Bernard Fagg a Jos, wanda ya haɗa shi da irin waɗanda aka samu a ƙauyen Nok a 1928. Daga nan duniya ta san wayewar Nok. Har yau manoma da masu haƙa na cin karo da gutsattsarinta.

Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana fita da kayan tarihi sai da izininta. Majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa sassaƙen Nok a jerin kayan da ake farauta tun 2000, kuma a Janairun 2022 Najeriya da Amurka suka ƙulla yarjejeniyar hana shigar irin waɗannan kaya can. Saboda haka ɗan gunkin da kaka ya bari a ɗaki, wanda aka naɗe a zane domin jika ya ajiye a falo, laifi ne a ƙasashen biyu. Ko sabon sassaƙe ne aka saya a kasuwa, hikima ita ce a nemi takardar hukumar da ke nuna ba tsohon kaya ba ne. Haka nan shuɗin yakutun da ake haƙa a wajejen Antang da Nisama, wanda masu haƙa ke kira safaya: ko dutse ɗaya ne a aljihu, ma'adini ne, kuma dokar ma'adinai ta 2007 ta ɗora fitar da shi a kan izinin ma'aikata.

"Don Allah ka riƙe mini wannan saƙon"

Wannan ɓangaren ya fi shafar ma'aikatan tarayya da hadiman manya kai tsaye. Da kuɗin aikawa ya yi tsada, hanya mafi arha ta koma jakar ɗan'uwan da zai raka minista taro ko zai tafi kwas. Ɗan yankin da ke aiki a Abuja ya san yadda ake yi: da zarar an ji zai yi tafiya, ƙunshi ya fara isowa daga gida, daga coci, daga masallaci, daga surukai, kowanne a ɗaure tam da salatif. Buɗe saƙon dattijo a gabansa rashin kunya ne. Ƙin karɓa kuma girman kai ne.

Doka ba ta san wannan kara ba. Wanda sunansa ke jikin jaka shi ne mai kaya. A Disambar 2018 hukumomin Saudiyya suka kama wata ɗaliba 'yar Najeriya kan jakar ƙwayar tramadol da aka liƙa wa sunanta a filin jirgin Malam Aminu Kano ba da saninta ba. Sai ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta, bayan gwamnati ta shiga maganar. A Agustan 2025 aka sake tsare wasu masu Umra uku a Jidda kan irin wannan makirci daga filin jirgin guda, sai da hukumar NDLEA ta kama waɗanda suka kitsa shi kafin a sako su a watan Satumba. Waɗannan ba su ma karɓi saƙon kowa ba. Wanda ya karɓa da hannunsa, ya kuma amsa a kanta cewa shi ya haɗa kayansa, hujjarsa ta fi tasu rauni ƙwarai.

Ko babu ƙwaya, rashin bayyana abinci a fam ɗin shiga Amurka na jawo tara nan take, kuma abin yana zama a kundin matafiyi. Fasfo na aikin gwamnati ba kariyar jakadanci ba ne. Takardar ofis da kiran waya, waɗanda kan sa a ɗaga wa jaka hannu a filin jirgin Nnamdi Azikiwe, ba su da wata daraja a Heathrow. Abin da suke yi kawai shi ne hana a gano matsalar a gida, inda gyaranta bai wuce a cire leda ɗaya a mayar wa direba ba.

Abin da ke hannun Abuja

Najeriya ba ta da iko a kan harajin Amurka ko dokar naman Turai. Tana da iko a kan ko ɗan ƙasarta zai san su kafin ya biya kuɗi. Dokar Kwastam ta 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar da aka gada tun kafin 'yancin kai, ta ba hukumar damar sauƙaƙa tsare-tsare, kuma shirin taga guda na hada-hadar shige da fice da Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar a Afrilun 2024 an ɗebar masa farkon 2026 ya fara aiki. Amma dukkan maganar da ake yi a kansa ta masu kwantena ce. Shafi guda da Hausa, harshen da kowace ƙabila a Kudancin Kaduna ke ciniki da shi, wanda zai nuna abin da ke shiga kowace ƙasa da abin da ba ya shiga, bai kai kuɗin taron bita ɗaya a otal ba. Jami'in NAQS da zai zauna a gidan waya na Kafanchan ranaku ƙayyadaddu daga Oktoba zuwa Disamba zai amfani mai jaka da ƙaramin mai fitar da citta a lokaci guda. Dillalan da ke haɗa kaya kuma a tilasta musu rubuta sunan kowane mai aikawa da abin da ya aika, su ba shi kwafi.

Wa'adin wata shida na kuɗi tsayayye an sa shi ya cika a ƙarshen Fabrairun 2026. Bisa umarnin, daga nan kaso bisa daraja kaɗai aka tsara ya rage, abin da zai rage wa ƙaramin ƙunshi haraji sosai, amma da sharaɗin a rubuta ainihin abin da ke ciki, da kuɗinsa, da ƙasar da ya fito, a kuma tura bayanin ta kwamfuta daga kantar da aka karɓe shi.